Hallamshire: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsohon Sunan Ƙasar Sheffield

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Sheffield, a arewacin Ingila, ya ɗauki jakarsa ya fara hawan tudun Howard Street, abin da zai fara cin karo da shi shi ne kalmar Hallam manne a jikin ginin jami'a. Kwana biyu ya ga Hallamshire a allon wani babban asibiti, ya sake ganinta a jikin wani tsohon gini da ke fuskantar babban cocin gari. Ya buɗe taswira a wayarsa ya nemi wurin, babu gari babu gunduma mai wannan suna. Ni ma haka na yi ta lalube a watannina na farko, kuma tun daga lokacin ɗalibanmu da ke zuwa karatu suke maimaita mini tambayoyi kusan iri ɗaya. Ga su nan na tara, da amsoshin da nake bayarwa.

Mene ne Hallamshire a taƙaice?

Tsohon sunan ƙasar da birnin Sheffield yake zaune a cikinta ne, a kusurwar kudu maso yammacin Yorkshire. Ya haɗa da garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da kwaruruka da tsaunukan da suka miƙa yamma. Kusan abin da ke tsakanin Zazzau da Zariya ke nan: ɗaya sunan ƙasa, ɗaya sunan birni. Sai dai Zazzau tana da sarki da fada har yau, Hallamshire kuwa ba ta da hukuma ko ofishi ɗaya da ke mulki da sunanta.

Yaya ake furta shi?

Halamsha. Ƙarfin murya yana kan gaɓar farko, ƙarshen kuma a haɗiye shi, kamar yadda ake yi wa Yorkshire a ce Yoksha. Wanda ya ja ƙarshen ya ce "shaya" za a gane shi, amma za a gane baƙo ne.

Me kalmar Hallam take nufi?

Nan masana sunayen wurare suka rabu, kuma har yau ba su haɗu ba. Abin da suka yarda da shi shi ne siffar kalmar. Wannan "am" da ke ƙarshe ragowar wata ɗafa-ƙeya ce ta tsohon Turanci da ta harshen mutanen Sikandinabiya, wadda ake saka wa suna idan jam'i ne kuma ana nufin "a wurin kaza". Wato sunan yana cewa "a wurin su wane". To su wane ɗin?

Wasu sun ce daga tsohuwar kalmar Turanci halh ne, wadda ke nufin lungu ko saƙon ƙasa, irin filin da ya maƙale tsakanin tudu da rafi ko a bakin iyaka. Idan haka ne, Hallam na nufin "a lungunan". Wasu sun ce daga hallr ne, kalmar Sikandinabiya mai nufin dutse ko gangare, sai ma'anar ta zama "a duwatsun" ko "a gangaren". Wannan ba zancen banza ba ne, domin mutanen Denmak da Nowe sun zauna a Yorkshire tun ƙarni na 9 kuma sun bar sunaye barkatai a ƙasar. Ra'ayi na uku, wanda mutanen gari suka fi so saboda daɗin labarinsa, shi ne cewa daga kalmar babban zauren sarki ne, tunda tsohon kundin ƙidaya ya ambaci wani zaure a wurin.

Idan aka tambaye ni, na fi karkata ga duwatsu da gangare, kuma hujjata ta ƙafa ce. Duk wanda ya taɓa taka sayyada daga tsakiyar gari zuwa unguwar Crookes da ke kan tudu da ledar cefane a hannu biyu ya san abin da mutanen farko suka fara lura da shi a ƙasar nan. Amma wannan son raina ne, masu ra'ayin lungu ma suna da hujja mai ƙarfi, domin wurin bakin iyaka ne tun fil azal.

To ai shire lardi ne, kamar Yorkshire da Derbyshire. Ashe Hallamshire ma lardi ce?

A'a, kuma a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Kalmar ta fito daga scir ta tsohon Turanci, ma'anarta yanki da aka damƙa wa wani ya kula da shi. Daga ita aka samu sheriff, wato wakilin sarki a yankin. A kudanci da tsakiyar Ingila kalmar ta tsaya kan manyan lardunan da aka sani. A arewa kuwa, cikin tsohuwar masarautar Northumbria, an ci gaba da kiran ƙananan yankuna da ita: gari guda mai gidan ubangida, da ƙauyukan da ke kai masa hatsi da dabbobi da aikin gayya. Masana tarihi da yawa suna ganin wannan tsari ya girmi zuwan Normawa, mutanen Normandi ta Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, nesa ba kusa ba.

Don haka Hallamshire ta kasance ƙaramar shire a cikin babbar shire. Ta fuskar mulkin sarki tana cikin Yorkshire, a sashen da ake kira West Riding, ɗaya daga cikin kashi uku da aka raba lardin. A ƙarƙashin wannan kuma tana cikin gundumar Strafforth da Tickhill. Ba ta taɓa samun nata wakilin sarki irin na lardi ba. Ƙasar wani ubangida ce, kamar a ce ƙasar hakimi.

Yaushe sunan ya fara bayyana a rubuce?

Hallam ta riga Hallamshire. A 1086 Sarki William, Banormen da ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya sa aka ƙidaya ƙasar don haraji, aka tara sakamakon a kundin da ake kira Domesday. A cikinsa an rubuta wurin da Hallun. Kundin ya ce gandu ne guda mai ƙauyuka 16 a ƙarƙashinsa, kuma Waltheof yana da zaure a can. Ya ƙara da cewa Roger de Busli ne ke riƙe da ƙasar daga hannun Judith. Sheffield da Attercliffe, waɗanda aka rubuta Escafeld da Ateclive, an ambace su a matsayin ƙasar da aka ce ta Hallam ce. Wato a lokacin Hallam ce uwa, Sheffield 'ya.

Waltheof ɗin nan yana cikin manyan sarakunan Ingilawa na ƙarshe da suka tsira da sarautarsu bayan 1066. William ya aurar masa da Judith, 'yar 'yar'uwarsa, don ya ja shi a jiki. Auren bai hana komai ba. A 1075 sunansa ya fito cikin wani tawaye da wasu manyan hakimai suka ƙulla, aka tsare shi, aka fille masa kai kusa da Winchester a 1076. Shi ya sa lokacin da masu ƙidaya suka zo bayan shekara goma, sai suka tarar da matar, suka rubuta mijin da zaurensa a matsayin abin da ya wuce.

Cikakken sunan kuma, da shire a ƙarshensa, an fi danganta farkon bayyanarsa da wata takardar yarjejeniya ta 1161, inda aka rubuta Halumsire. Takardar ta shafi wani ƙaramin gidan masu ibada da ke Ecclesfield, wanda reshe ne na gidan Saint Wandrille a Normandi ta Faransa. Rubutu dai yakan zo a makare. Mai yiwuwa ne ƙwarai an daɗe ana faɗin sunan da baki kafin wani magatakarda ya ɗora shi kan fata.

Ina garin Hallam ɗin yake yanzu? Ana iya zuwa a gani?

Babu wanda zai nuna maka shi da yatsa ya rantse. Garin ya ɓace, ko kufansa ba a tabbatar ba. Wasu suna cewa yana yammacin birnin ne, a tudun da ke kallon kwarin Rivelin, inda har yau akwai wuri mai suna Hallam Head. Wasu suna cewa zauren Waltheof yana daidai inda daga baya aka gina ganuwar Sheffield, wato gidan ubangida mai katangar yaƙi, a mahaɗar kogin Don da kogin Sheaf. Akwai kuma masu danganta ɓacewarsa da ɓarnar da rundunar William ta yi wa arewa a hunturun 1069 zuwa 1070, lokacin da aka ƙone ƙauyuka da rumbuna don murƙushe tawaye. Duk zato ne mai ma'ana, amma haƙa bai fito da shaidar da ta rufe bakin kowa ba.

Abin da ya tabbata shi ne sunan ya ci gaba da rayuwa a matsayin sunan unguwanni biyu na mulki a cikin ƙasar cocin Sheffield: Upper Hallam da Nether Hallam, wato Hallam ta sama da Hallam ta ƙasa.

Daga ina zuwa ina iyakarta?

Ya danganta da wanda ka tambaya da kuma ƙarnin da yake magana. Abin da aka fi yarda da shi shi ne ta ƙunshi ƙasar cocin Sheffield, da ƙasar cocin Ecclesfield a arewa, da Bradfield mai faɗin gaske a yamma, wadda ke ƙarƙashin Ecclesfield. Sau da yawa ana ƙara Handsworth ta gabas. A wancan zamani ƙasar coci ita ce ma'aunin yanki, da ita ake karɓar zakkar coci, da ita ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa.

Iyakar kudu ita ce mai daɗin labari. Kogin Sheaf da wani rafi mai suna Meers Brook su ne suka raba Yorkshire da Derbyshire, kuma kafin nan su ne suka raba masarautar Northumbria da ta Mercia. Sunayen da kansu suna faɗin haka, domin Sheaf daga kalmar rabuwa take, Meers kuma daga kalmar iyaka. A ƙauyen Dore, a bakin wannan iyaka, mutanen Northumbria suka yi wa Sarki Egbert na Wessex mubaya'a a 829. Akwai dutsen tunawa da haka a dandalin ƙauyen.

Sakamakon wannan shi ne wasu unguwannin Sheffield ta yau ba su taɓa zama Hallamshire ba. Dore da Totley da Norton ƙasar Derbyshire ce, sai a ƙarni na 20 birnin ya faɗaɗa ya haɗiye su. Beighton da Mosborough ma haka, a 1967. Saboda haka wanda ya ce Hallamshire ita ce Sheffield ya yi kusa, bai dai buga daidai ba.

Su wa suka mallaki ƙasar bayan Waltheof?

Ba sai ka shiga ɗakin karatu ba, karanta allunan tituna. A farkon ƙarni na 12 ƙasar ta faɗa hannun William de Lovetot, wanda ake danganta masa ganuwar farko da cocin garin, kuma tun daga shi Sheffield ta zama cibiya, Hallam ta koma suna kawai. Daga gidan Lovetot aure ya kai ta gidan Furnival, ga Furnival Gate nan a tsakiyar gari. Daga su, ta hanyar aure kuma, ta isa gidan Talbot, masu sarautar Shrewsbury. Na shidansu, George Talbot, shi aka ba tsaron Mary, sarauniyar Sikotland, wadda ta yi shekara 14 a tsare a Sheffield, daga 1570 zuwa 1584. Bayan rasuwar na bakwai a 1616 ba tare da ɗa namiji ba, 'yarsa ta kai gadon gidan Howard, masu sarautar Arundel da Norfolk. Shi ya sa kake hawa Howard Street, ka tsallaka Arundel Gate, ka faɗa Norfolk Street da Surrey Street. Ganuwar kanta an rushe ta bayan yaƙin basasar Ingila, wajen 1648.

Me ya hana sunan mutuwa, tunda babu gari babu hukuma?

Maƙera. Wannan ita ce amsar da na fi tsayawa a kanta, domin in ba don su ba da Hallamshire ta bi sahun sunayen da sai mai tonon tsofaffin takardu ya san su.

Ƙasar an yi ta ne kamar don ƙira. Koguna biyar ne ke gangarowa daga tsaunuka su haɗu a wurin: Don, Sheaf, Porter, Rivelin da Loxley. Ƙanana ne amma masu gudu, sai aka riƙa tare su da madatsai ana sakin ruwan kan manyan ƙafafun katako, su kuma suna juya duwatsun wasa wuƙa. Dutsen wasan daga tsaunukan yankin ake sassaƙo shi. Daji ya ba da gawayi, ƙasa ta ba da tama da kwal, daga baya kuma aka riƙa shigo da ƙarfen Suwidin mai kyau. Aikin bai taru a cikin gari kawai ba, ya bazu a kwaruruka da ƙauyuka. Wani ƙauye ya shahara da lauje, wani da ƙusa, wani da wuƙar aljihu. Mutum yana noma 'yar gonarsa, yana da maƙera a bayan gida. To idan kana neman suna guda da zai rufe duk waɗannan maƙera, Sheffield ta yi kaɗan, sai Hallamshire.

Muddin gidan Talbot na nan, kotun ubangidan ƙasa ce ke tsara sana'ar: wa zai ɗauki almajiri, shekara nawa zai yi, wace alama kowa zai buga a wuƙarsa. Da ƙasar ta fita daga hannun gidan a 1616 kuma magada suka kasance mutanen nesa, sai maƙeran suka nemi majalisar dokoki ta ba su ikon kansu. A 1624, zamanin Sarki James na Ɗaya, aka yi dokar da ta kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Hallamshire, aka ba ta iko a kan masu sana'ar a cikin Hallamshire da mil shida kewaye da ita. Ka ga sunan ya shiga dokar ƙasa ke nan. Tun daga ranar ya daina dogara da ubangida ko da ganuwa.

Ƙungiyar tana nan har yau. Kowace shekara tana zaɓen shugaba, wanda in da a wajenmu ne da Sarkin Maƙera za a ce masa, sai dai nasu shekara guda yake yi ya sauka. Tana da babban gida a Church Street, daura da babban cocin, ginin da ake gani yanzu na 1832 ne. Tana yin walimar shekara da manyan ƙasa ke halarta. Kuma tana da wani iko da ya ba ni mamaki ranar da na ji shi: wanda ke son yi wa kamfani rajista a Birtaniya da kalmar Sheffield cikin sunansa, sai an ji ta bakin wannan ƙungiya. Wato masu riƙe da tsohon suna su ne masu gadin sabon.

Kada a ɗauka sana'ar daɗi ce zalla. Masu wasa wuƙa, musamman masu yi a busasshen dutse, suna shaƙar ƙurar dutse da ta ƙarfe yini guda, huhu ya lalace, da yawansu suna mutuwa da ƙuruciya. Wanda ke son ganin yadda wurin aikin yake ya je Shepherd Wheel a bakin kogin Porter, an adana shi don masu ziyara. Ɗaki ne mai duhu da danshi, an jera duwatsu a rami, a bayan kowanne akwai wani gungumen katako da mai aiki ke hawa kamar doki ya sunkuya a kan dutsen. Na tsaya a ciki minti goma da rigar sanyi biyu, yatsuna suka ƙage. Su a nan suke wuni, ruwa na fantsamo musu.

A wannan ƙasa ne kuma aka yi Benjamin Huntsman, wanda a shekarun 1740 ya gano dabarar narka ƙarfe a tukunyar yumɓu a Handsworth, da Harry Brearley, wanda a 1913 ya fito da ƙarfen da ba ya tsatsa.

Na ga kan giwa a tambarin ƙungiyar. Me ya kawo giwa arewacin Ingila?

Haure. Wuƙaƙen tebur da askar masu kuɗi da haure ake yi musu mariƙi, masu rahusa kuma da ƙashi ko ƙaho ko katako. A ƙarni na 19 Sheffield na cikin manyan masu sayen hauren giwa, kuma kaso mai yawa daga Afirka ake kwaso shi. Giwar da ke saman takubban tambarin shaidar wannan ciniki ce. Ni dai duk lokacin da na wuce ta ƙofar gidan na ɗaga kai na gan ta, ba sha'awa kaɗai nake ji ba.

A ina ake jin sunan a yau?

Wurin da ya fi shiga bakin mutane shi ne asibiti. Royal Hallamshire, dogon ginin nan da ke Glossop Road wanda ake hangowa daga kusan ko'ina a gari, an buɗe shi a 1978. A maganar yau da kullum, idan mutumin Sheffield ya ce an kai mahaifiyarsa Hallamshire, asibitin yake nufi, ba wata ƙasa ba. Ka shiga tasi ka faɗi sunan kawai, ƙofar asibiti za a sauke ka ba tare da an tambaye ka komai ba.

Bayan asibiti sai ƙungiyoyi. Akwai kulob ɗin masu tsere na Hallamshire Harriers, inda Sebastian Coe ya taso kafin ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1980 da 1984. Akwai filin wasan golf mai wannan suna a yammacin gari. A soja an yi bataliyar Hallamshire, ta rundunar York da Lancaster, wadda ta yi yaƙi a Normandi a 1944. A siyasa an taɓa yin mazaɓa mai suna Hallamshire daga 1885 zuwa 1918. Sai mashaya da otal-otal da kamfanoni ƙanana da ke ɗaukar sunan don ya ba su ƙamshin tsufa da asali. Masu binciken tarihi ma sun taimaka. Joseph Hunter, haifaffen garin, da ya wallafa tarihin yankin a 1819, Hallamshire ya sa masa suna, kuma littafin ya sake cusa kalmar a kunnen masu karatu a daidai lokacin da hayaƙin masana'antu ke shafe tsohuwar ƙasar.

Hallam da Hallamshire duk ɗaya ne?

A asali Hallam gari ne ko gandu, Hallamshire kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsa. A yau gajeren ya fi yawo, kuma ma'anarsa tana sauyawa da mai magana. A bakin ɗalibi, Hallam jami'a ce, wato Sheffield Hallam, wadda kwalejin kimiyya da fasaha ce ta birnin kafin ta zama jami'a a 1992. Tunda akwai Jami'ar Sheffield tun 1905, dole sabuwar ta nemi abin da zai bambanta ta, sai ta koma ga tsohon suna. Ɗalibanmu masu neman gurbin karatu su lura da wannan sosai, jami'o'i biyu ne daban, kuma na ga wanda ya cika takardun ɗaya yana zaton ɗayar ce.

A bakin ɗan siyasa, Hallam mazaɓa ce a yammaci da kudu maso yammacin birnin, wadda Nick Clegg ya wakilta daga 2005 zuwa 2017, har ya zama mataimakin firaminista a 2010. Abin dariya, mazaɓar ta ƙunshi Dore da Totley, waɗanda ba su taɓa zama Hallamshire ba, alhali babban harabar jami'ar Hallam da ke tsakiyar gari ba ta cikinta. A bakin mabiyin ɗariƙar Katolika, Hallam yankin bishop ne da aka kafa a 1980, wanda ya wuce iyakar tsohuwar ƙasar nesa. An kuma daɗe ana jin sunan a gidan rediyon da aka buɗe a 1974.

A bakin mai son ƙwallo kuwa, Hallam kulob ne, kuma a nan 'yan'uwa masu kallon Firimiya sukan gyara zama. An kafa Hallam FC a 1860, shekara uku bayan Sheffield FC, wadda ake ɗauka kulob mafi tsufa a duniya. Filinta, Sandygate, shi ake lissafawa filin ƙwallon ƙafa mafi tsufa da har yanzu ake wasa a kansa. A can kulob biyun suka kara ranar 26 ga Disamba 1860, kuma Hallam ce ta ci kofin Youdan a 1867, shekaru kafin a fara kofin FA.

Zan iya rubuta Hallamshire a adireshi ko a fom?

Kada ka yi. Ni na yi. Sabon zuwa, na ɗan karanta tarihi, kaina ya kumbura, aka ba ni fom a wani ofishi, wajen da aka ce a rubuta lardi na zana Hallamshire da manyan baƙaƙe. Matar da ke karɓa ta duba, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko a asibitin nake kwana. Ta ja layi a kai, ta rubuta South Yorkshire, ta miƙo mini in sa hannu a gefen gyaran. Lardin ke nan tun 1974. A kan ambulan ma ba a buƙatar lardin, sunan titi da Sheffield da lambar gidan waya mai farawa da S sun wadatar.

Akwai West Hallam da Kirk Hallam a taswira. Suna cikinta?

Ba sa ciki. Ƙauyuka ne a Derbyshire, kusa da Ilkeston, can wajen Nottingham. Suna ne ya zo ɗaya.

Akwai wasu ƙananan shire irinta?

Akwai, kuma kusan duk a arewa. A Yorkshire kaɗai akwai Richmondshire da Allertonshire da Howdenshire. Richmondshire ta fi sauran sa'a na wani lokaci, domin an farfaɗo da sunan a 1974 a matsayin ƙaramar hukuma, har zuwa 2023 da aka soke ta. Can sama akwai Hexhamshire, wadda ta daɗe a hannun babban limamin cocin York kafin a haɗe ta da Northumberland a 1572. Akwai Norhamshire da Islandshire da Bedlingtonshire, waɗanda suke cikin ƙasar Northumberland amma mallakar Durham har 1844. Yawancinsu yau sai a littafi ko a sunan wata ƙungiyar ƙauye. 

Idan ina rubutu da Hausa, yaya zan yi amfani da kalmar?

Ka bar rubutunta yadda yake don mai karatu ya iya nemanta, ka ɗauke ta mace kamar sauran sunayen ƙasashe da garuruwa: Hallamshire ta yi, Hallamshire ce. Ka sa mata "ƙasar" ko "yankin" a gaba, kada ka ce jiha, kada ka ce lardi. Idan labarin na yau ne, gobara ko zaɓe ko wasa, Sheffield za ka ce. Ka ajiye Hallamshire don maganar tarihi kafin ƙarni na 19, ko maganar maƙera da ƙungiyarsu, ko sunan wata cibiya da ke ɗauke da ita. Idan kuma kana fassara labari ka ga an ce an garzaya da wani Hallamshire, ka ƙara kalmar asibiti, in ba haka ba mai karatunka zai zaci wani gari aka kai shi.

Ina da Asabar guda. Ina zan je in ji ƙamshin tsohuwar ƙasar?

Da safe ka hau bas zuwa Bradfield. Ƙauye biyu ne, na tudu da na kwari, da tsohon coci mai kallon madatsun ruwa. A saman kwarin nan ne madatsar Dale Dyke ta fashe cikin daren 11 ga Maris 1864, ruwa ya bi kogin Loxley ya share maƙeru da gidaje har cikin gari, mutum aƙalla 240 suka mutu. Idan ƙafarka na da ƙarfi kuma sama ta yi haske, ka nufi Stanedge Pole, wani dogon sanda da aka kafa a kan dutse a tsakiyar fako, alamar tsohuwar iyaka da Derbyshire. Ka tafi da takalmin da ba ya shan ruwa.

Idan lokacin wasanni ne kuma Hallam na gida, ka sauko Sandygate kafin ƙarfe uku. Kuɗin shiga kaɗan ne, ana sayar da shayi mai zafi, kuma kana tsaye dab da layi har kana jin numfashin 'yan wasa. Ka duba filin da kyau kafin a fara: a karkace yake, gola ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa, kowace ƙungiya sai ta yi rabin wasa tana hawan tudu.